Darasi na Tara: Tsatsa da Yadda Ake Tsare Ƙarfe

Je ka ɗauko fartanyar da aka jingine a bayan ɗaki tun bara. Bakinta ya yi ja, idan ka shafa sai gari ya maƙale maka a yatsa. Wannan jan garin shi ne tsatsa. Wasu suna ɗauka datti ne ya hau kan ƙarfen. Ba datti ba ne, ƙarfen ne da kansa ya rikiɗe. Duk garin da ka kankare, wani ɓangare ne na fartanyarka ya tafi.

Abu biyu ne ke haɗuwa su ci ƙarfe: ruwa da iska. A cikin iskar da muke shaƙa akwai wadda ake kira oksijin, kusan kashi 21 cikin 100. Idan ruwa ya kwanta a kan ƙarfe, ko da raɓa ce, sai ya zama hanyar da oksijin zai bi ya haɗe da ƙarfen, su zama wani abu dabam, ja mai rugurguzawa. Ruwa kaɗai ba ya yin wannan aiki, busasshiyar iska ma haka. Shi ya sa a Zariya ƙyauren ƙarfe yakan wuce hunturu lafiya lau, amma daga watan Mayu zuwa Oktoba sai ka ga ƙasansa ya fara yin ja, daidai inda ruwan indararo yake fantsama.

Abin da ya sa tsatsa take da muni shi ne ba ta tsayawa. Jikinta duk ƙofofi ne, tana riƙe danshi kamar soso, ta ɓamɓare, na ƙarƙashi ya fito fili, shi ma a cinye shi. Kuma ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi cin wuri. Idan ruwa ya ratsa siminti ya kai ga rodi, rodin yakan kumbura har ya tsaga ginin daga ciki. Maginan da ke cikinmu sun sha ganin haka a saman taga.

Gishiri yana ƙara mata sauri ƙwarai, haka ma tsami. Takin zamani yana jan danshi, don haka baro ko shebur da aka kwashi taki da shi aka bar shi ba wanki, kafin mako ya zagayo ya canja kama. Wuƙar da aka yanka tumatir ko lemon tsami da ita ma haka take.

To, tunda sai ruwa da iska sun taru, maganin shi ne a shiga tsakaninsu da ƙarfen. Manomi in ya taso daga fadamar Galma, ya kankare laka, ya bar garma ta bushe sarai, ya shafa mata baƙin mai da tsumma, ya rataye ta kada ta taɓa ƙasa. Uwargida ta goge wuƙa ta shafa mata man gyaɗa, domin baƙin mai ba ya kusantar abinci. Sarƙar keke da ta babur kuwa a riƙa ɗiga musu mai.

Fenti ma kariya ce, amma a nan ne ake yawan yin asara, kuma abin yana ba ni takaici. Mutum ya sayi fenti mai tsada a kasuwar Sabon Gari ya malala shi a kan tsatsa, bayan damina ɗaya ya ga ya kumburo yana ɓarewa. Ai an rufe ɓarnar ne da danshinta a ciki. A fara gogewa da burushin waya har farin ƙarfe ya fito, a share ƙura, a shafa jan fentin nan na ƙasa da masu walda suke amfani da shi, ya bushe, sannan a sa mai launi.

Kwanon rufi ƙarfe ne da aka lulluɓe da tutiya. Ko an ɗan karce shi, tutiyar ce take fara lalacewa ta tsare ƙarfen, sai ta ƙare sannan jan ya bayyana. Gwangwanin madara kuwa kuza aka shafa masa, irin wanda aka daɗe ana haƙowa a Jos. Shi da zarar an karce shi, wurin yakan yi tsatsa da sauri. Cokulan da muke kira na silba an gauraya ƙarfensu da wani ma'adini mai suna kuromiyam, shi yake hana su yin ja.

Aikin gida: samo ƙusa huɗu, ba masu rufin tutiya ba, ka goge su fes. Ta farko sa ta a kwalba da ruwa rabi, a buɗe. Ta biyu a ruwan gishiri. Ta uku a ruwan da aka tafasa sosai, ka zuba man gyaɗa a kai ya toshe iska. Ta huɗu a busasshiyar kwalba, ka rufe gam. Kowace safiya rubuta kwanan wata da launin da ka gani, ka zo da kwalaben aji bayan kwana 7.