Zuwan farko wurin mai ba da shawara kan damuwa

Kafin ka je ofishinsa, buga waya ka tambayi kuɗin zama guda da tsawonsa. Yawanci minti 45 ne zuwa awa ɗaya. Tambayi shaidar karatunsa ma, ba abin kunya ba ne.

Ka nemi lokacin safe, zafin Sakkwato ba ya wasa. Zaman farko duk tambayoyi ne: barcinka, cin abincinka, zaman gida, abin da ya kawo ka. In hawaye suka zo, ƙyale su. Sirrinka ba ya fita, sai in rai na cikin haɗari.

In ba likita ba ne, ba ya rubuta magani, asibitin ƙwaƙwalwa da ke Kware, kusa da Sakkwato, zai iya tura ka.

Kafin ka tashi, ku tsayar da ranar dawowa.