Kamfaninka ba ya binka idan ka tashi daga jiha

Cikin 'yan watannin nan mutum uku suka tare ni bayan sallar Juma'a a nan Houston, jihar Teksas, kuma matsalarsu ɗaya ce. Sun taso daga wata jiha, sun kama gida, sun sa yara a makaranta, sun canza lasisin tuƙi, amma kamfanin da suke cin abinci da shi yana can inda suka baro shi. Da na tambayi ɗayansu ya ce mini, "Haba Yaya, ai LLC ne, na Amurka ne." LLC wani nau'in kamfani ne da ake yi wa rajista a Amurka. Jikina ya yi sanyi, don maganar da na faɗa da bakina ke nan shekarun baya.

Daga gida muka taho da wannan fahimtar. A Najeriya, in ka yi rajista da hukumar CAC, ka gama: ka buɗe shago a Kano, gobe ka koma Legas, kamfanin yana nan daram. A Amurka ba gwamnatin tarayya ke yi wa kamfani rajista ba, jiha ce. Kamfanin da aka kafa a Niyok ɗan Niyok ne. In ya shigo Teksas baƙo ne, kuma haka dokar take kiransa. Kalmar baƙon kamfani a fom ɗinsu ba ta nufin wanda ya zo daga ƙasar waje, tana nufin duk wanda aka kafa a wata jiha.

Buɗe kamfanin ba shi da wuya, ba zan daɗe a kai ba. Ka cike fom a intanet, ka biya kuɗi (dala 200 a Niyok, 300 a Teksas), ka karɓi lambar haraji ta EIN daga IRS, hukumar haraji ta tarayya, wadda kyauta ce, kada ka bari wani ya caje ka a kanta. Abu ɗaya zan ƙara saboda sababbin zuwa: mallakar kamfani ba izinin aiki ba ne. Ɗalibi ko mai bizar ziyara ya ga lauyan shige da fice tukuna.

Ni sana'ata sayen motoci a gwanjo ina lodawa zuwa Kwatano da Legas. A Bronx na kafa kamfanin, har na bi dokar nan ta Niyok mai cin kuɗi, wadda ta wajabta buga sanarwa a jaridu biyu mako shida a jere, cikin kwana 120 da kafa kamfani. A 2019 na dawo Houston saboda tashar jirgin ruwa da arhar haya. Na canza adireshi a gidan waya, na canza a banki, na ɗauka magana ta ƙare.

A 2021 na sami sito mai fili inda zan riƙa tara motoci. Mun daidaita da mai wurin, sai matar da ke riƙe masa takardu ta juyo mini da fuskar kwamfuta ta ce ta duba rajistar Sakataren Jiha, ofishin da ke yi wa kamfanoni rajista, babu sunan kamfanina a Teksas. Ba za su sa hannu da kamfanin da jihar ba ta san da shi ba. Dokar Teksas ta ce baƙon kamfanin da ke kasuwanci a jihar ya yi rajista, kuɗinta dala 750. In ya wuce kwana 90 bai yi ba, akwai tara, kuma lissafinta kuɗin rajistar ne sau adadin shekarun da ya yi yana aiki, guntuwar shekara ma cikakkiya ake ƙirga ta. Nawa ya kama 2019, 2020 da 2021. Na biya 2,250 na tara, na ɗora 750 na rajista. Dala dubu uku, kuɗin da na ware don sayen mota. Wani lauya ya ƙara gaya mini cewa duk tsawon lokacin nan, da wani ya cinye mini kuɗi, ba ni da ikon kai shi kotun Teksas da sunan kamfanin sai na yi rajistar.

Wannan kuɗi ne kawai. Wanda ya hana ni barci shi ne na adireshi, kuma ina roƙonku ku karanta shi da kyau.

A Niyok, Sakataren Jiha shi ne wakilin kowane LLC wajen karɓar sammaci. Mai ƙararka ba sai ya neme ka ba. Zai kai takardar ofishinsu, su kuma su aika ta zuwa adireshin da ka ba su ranar da ka yi rajista. A idon doka an ba ka sammaci ke nan, ko ka gani ko ba ka gani ba. Adireshina a wurinsu shi ne tsohon ɗakina na Bronx, wanda wasu mutane daban suke ciki. Wani kamfanin dakon motoci da muka yi saɓani a kan wata mota da ta iso da rauni ya kai ƙara. Ban sani ba, ban amsa ba, alƙali ya yanke hukunci a bayan idona. Ranar da na sani ina tsaye a gaban kanta a wurin gwanjo, na ci motoci biyu, na miƙa kati aka dawo mini da shi sau biyu. Na fita waje na kira banki, suka ce an riƙe asusun da umarnin kotu. A cikin asusun akwai kuɗin wani dattijo na Maraɗi da ya aiko in saya masa mota. Kiran da na yi masa a daren nan, ina cewa "Alhaji, ka yi haƙuri, amanarka tana nan amma ba zan iya taɓa ta ba," shi ne abu mafi nauyi da na yi tun zuwana ƙasar nan. Wata huɗu da kuɗin lauya kafin a warware. Gyaran adireshin kuwa takarda ɗaya ce.

To, in ka tashi daga jiha, hanyoyin su ne waɗannan. Kana iya barin kamfanin a tsohuwar jiha ka yi masa rajistar baƙo a sabuwa. Wannan ya dace da wanda har yanzu yake da shago ko ma'aikata a can, amma jiha biyu zai riƙa yi wa hidima. Akwai kuma sauya wa kamfanin jiha kacokan, ya zama ɗan sabuwar jihar da shekarunsa da tarihinsa. Ita ce mafi tsabta, sai dai dole dokokin jihohin biyu su yarda da ita. Teksas ta yarda, Niyok ba ta da wannan tsarin ga LLC. Shi ya sa mutanen Niyok suke kafa sabon kamfani a inda suka koma, sannan su haɗe tsohon a cikinsa, kwangiloli da basussuka su bi sabon. Abin da na yi daga baya ke nan, da lauya. Ta ƙarshe ita ce ka rufe tsohon ka buɗe sabo fil. Ta fi arha, amma sabuwar lambar haraji ce, sabon asusu, kuma banki zai ɗauke ka kamar jiya ka fara.

Kowacce ka zaɓa, kada ka bar tsohon kamfani haka nan ka ce ai zai mutu da kansa. Ba ya mutuwa, bashi yake tarawa. 'Yan'uwanmu da suka baro Kalifoniya sun fi kowa sanin wannan: dala 800 ce harajin kowace shekara, ko ka yi ciniki ko ba ka yi ba, har ranar da ka shigar da takardar rufewa. A Niyok takardar rufewar dala 60 ce. Kuma yawanci sabuwar jiha za ta nemi shaidar cewa kamfanin ba shi da matsala a inda ya fito, don haka sai ka share can kafin nan ta buɗe.

Masu cewa ku yi rajista a Delaware ko Wyoming don gudun haraji, ku rabu da su. In a Houston kake aiki, Teksas za ta nemi rajistarta, ka biya sau biyu ke nan.

Ina alfahari da jama'armu. Na ga mutumin da ya sauka da jaka ɗaya, 'yan'uwa suka yi masa adashi, yau yana da manyan motoci uku. Amma raina yana ɓaci in na ga wannan mutumin yana karɓar shawarar doka daga saƙon murya na WhatsApp, alhali kuɗin awa ɗaya na akanta bai kai kuɗin taya biyu ba. Masu manyan motoci, naku ya fi yawa: bayanan lambar USDOT ta ma'aikatar sufuri, rajistar faranti, lasisin harajin mai da inshora duk suna ɗaure da jihar da kuke zaune.

In ka gama da jiha, ka aika wa IRS fom 8822-B don su san sabon adireshi. A Teksas dole ka sa wakili mai adireshin gini na gaske a cikin jihar, ba akwatin gidan waya ba. Kada ka sa sunan abokin da zai iya tashi wata mai zuwa. Sannan ka rubuta 15 ga Mayu a inda za ka gani, ranar rahoton shekara ce ga ofishin harajin jihar, kuma ƙaramin kamfanin da babu harajin da ya hau kansa ma sai ya shigar da bayanansa.