Terminal ɗinka bai lalace ba: kurakuran da nake yawan gani da yadda ake gyara su

Jama'a akwai abin da ya daɗe yana damuna game da masu fara koyon Linux, wato yadda mutum zai buɗe wannan baƙin allon ya gamu da ƴar matsala sai ya yanke hukunci cewa kwamfutar ta lalace, har na taɓa ganin wanda ya sauke Ubuntu ya sake ɗorawa saboda abin da danna maɓalli biyu zai gyara. Tushen yawancin wahalar shi ne ba a bambance terminal da shell. Terminal shi ne tagar, irin su GNOME Terminal da Konsole da xterm da Windows Terminal da PuTTY, aikinsa ya karɓi abin da ka danna ya kuma zana maka rubutu a allo. Shell kuwa shi ne wanda yake zaune a ciki yana karɓar umarni, irin su bash da zsh. Launi da girman rubutu da kwafa da liƙawa na terminal ne, amma PATH (jerin wuraren da ake neman umarni) da alias (gajeren sunan da kake ba dogon umarni) da tarihin umarni na shell ne. In ka riƙe wannan to ka san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa.

Bari in fara da Ctrl+C don kusan kowa sai ya faɗa ramin nan. Ka saba a Windows da shi ake kwafa, sai ka zo nan kana cikin saukar da wani babban fayil da ƴar datarka da ka saya da ƙyar, ka ga wani layi kana so ka kwafa ka danna Ctrl+C, nan take aikin ya mutu. A terminal wannan maɓallin saƙo ne ga shirin da ke gudana cewa ya tsaya. Kwafa a GNOME Terminal da Konsole sai ka haɗa da Shift, wato Ctrl+Shift+C, liƙawa kuma Ctrl+Shift+V. A PuTTY ma ya fi sauƙi, da ka shafa rubutu da linzami ya kwafu, ka danna dama ya liƙa.

Ƙaninsa kuma Ctrl+S. Wannan shi ne wanda yake sa mutane su ce ta sanƙare. Hannu ya saba da adana aiki sai ka danna ba ka ma sani ba, allo ya tsaya cak, ka buga ka buga ba abin da ke fitowa. Wallahi ba abin da ya same shi, danna Ctrl+Q ka ga duk abin da ka rubuta ya zubo lokaci ɗaya. Wannan gado ne tun zamanin na'urori irin su VT100 da kamfanin DEC ya fitar a 1978, lokacin da ake buƙatar hanyar ce wa kwamfuta dakata rubutu ya yi mini yawa, kuma tagogin da muke amfani da su yau kwaikwayon waɗancan na'urorin suke yi shi ya sa halin ya biyo su. In ya ishe ka sa `stty -ixon` a cikin .bashrc, wato fayil ɗin saitin bash, ka huta. Haka Ctrl+Z, ba ya mayar da abin da ka goge, dakatar da shirin yake yi ya ajiye shi a gefe, rubuta `fg` ya dawo.

Yanzu ga wanda ya shafe mu kai tsaye mu masu rubuta Hausa, kuma a nan zan ɗan daɗe. Wani ƙanina yana haɗa sunayen ɗalibai a fayil, ya sa wa fayil ɗin suna 'yan_aji.txt da wannan waƙafin na sama kamar yadda muke rubutawa a Najeriya. Ya zo ya rubuta cat 'yan_aji.txt don ya ga abin da ke cikin fayil ɗin ya danna Enter, sai kawai ya ga alamar > a farkon layi, ya sake dannawa ta sake fitowa, ya yi ta dannawa har allo ya cika da su, ya kira ni yana cewa yaya abin nan ya ƙi fita. Abin da ya faru shi ne shell ya ɗauki waƙafin a matsayin buɗe zance, yana nan yana jiran a rufe masa. Na ce ya danna Ctrl+C ya fito, sannan ya rubuta sunan cikin alamar zance mai biyu, `cat "'yan_aji.txt"`, shikenan ya buɗe. Haka sunan da yake da sarari a tsakiya, ko ka sa shi cikin alamar zance ko ka rubuta farkonsa ka danna Tab shell ya ƙarasa maka da kansa. Ni dai shawarata kada ka fara sunan fayil da waƙafi tun farko.

Sai haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Matsala iri biyu ce kuma mutane suna haɗa su. In ka ga ƙaramin akwati a wurin harafin, to font ɗin ne ba shi da shi, ka shiga saitin terminal ka canza zuwa irin Noto Sans Mono, kuma ka tabbata mai faɗi ɗaya ka zaɓa wato monospace, don in ka ɗauko irin na rubutun wasiƙa haruffa za su riƙa hawa kan juna. Amma in ka ga harafi ɗaya ya rikiɗe ya zama wasu baƙin alamomi guda biyu ko alamar tambaya, wannan ba font ba ne, tsarin karanta haruffan ne ba UTF-8 ba. Rubuta `locale` ka duba, in ka ga LANG babu komai ko an sa C ko POSIX to ga ɓarawon nan. A Debian da Ubuntu `sudo dpkg-reconfigure locales` zai ba ka ka zaɓa, akwai en_NG har ma da ha_NG a jerin. A PuTTY ka duba ƙarƙashin Window sannan Translation ka tabbata UTF-8 ne, a tsohon cmd na Windows kuma `chcp 65001`. Abin da nake roƙo kada ka ce bari in daina rubuta ƙ in koma k don na'ura ta ƙi, ƙasa daban kasa daban, na'urar ce za a gyara.

Liƙa umarni daga WhatsApp ko daga intanet shi ma yana cin mutane. Wani zai kwaso har da alamar $ ta farkon layi, alhali ita alama ce kawai ta cewa nan ake rubutawa. Wani kuma umarnin ya bi ta Word ko ta waya, gajerun layuka biyu na `--help` sun haɗe sun zama dogo ɗaya, alamar zance ta lanƙwashe, ido ba ya ganin bambanci amma shell yana gani. In umarni ya ƙi kuma ka tabbata daidai ne, sake buga shi da hannunka. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne liƙa layuka da yawa da ba ka karanta ba musamman masu sudo, umarnin da ke ba da cikakken iko a kan kwamfutar, don a wasu tsofaffin saituna da ka liƙa suke fara gudana ba sai ka danna Enter ba. Daga bash 5.1 an kunna kariyar da take riƙe abin da ka liƙa har sai ka danna, amma duk da haka fara zuba shi a editan rubutu ka karanta tukuna.

Kalmar sirri kuma in sudo ya tambaye ka ba za ka ga ko tauraro ba, haka aka yi shi, buga ka danna Enter. In kuma ka yi cat a kan hoto ko wani fayil da ba rubutu ba allo ya cika da shirme har abin da kake bugawa ya daina karantuwa, rubuta `reset` ko da ba ka ganinsa.

Wajen saiti, kuskuren da na fi gani shi ne a zuba alias ko PATH a .bash_profile sannan a buɗe GNOME Terminal a ga shiru. Dalili shi ne bash ɗin da ke cikinsa .bashrc yake karantawa in ka buɗe sabuwar taga, shi kuwa Terminal na Mac akasin haka yake yi, kuma tun 2019 Apple suka koma zsh saboda haka a can .zshrc za ka nema. Bayan ka gyara sai ka yi `source ~/.bashrc` ko ka buɗe sabuwar taga. Kuma kafin ka taɓa fayil ɗin yi masa kwafi, `cp ~/.bashrc ~/.bashrc.tsoho`, don in ka rubuta PATH ka manta ka haɗa da $PATH na asali hatta ls zai ce bai san ka ba. Sannan dan Allah a daina rubuta export TERM a .bashrc don neman launi, terminal ne yake faɗin sunansa da kansa, in ka yi masa ƙarya nan za ka ga vim da htop suna zane a karkace.

Na ƙarshe ya taɓa cina sosai. Ina cikin sabunta wata saba (server) ta SSH, wato hanyar shiga wata kwamfuta daga nesa, da daddare aka ɗauke wuta, intanet ta tafi, aikin ya yanke a tsakiya na kwana ina gyara. Tun daga ranar da na shiga saba abin da nake fara bugawa shi ne `tmux`, in layi ya yanke aikin yana can yana tafiya, in na dawo in ce `tmux attach` in tarar da shi inda yake. In kuma SSH ɗin ya maƙale ba ya amsa ko Ctrl+C, ba sai ka rufe tagar ba, danna Enter, sai ~, sai ɗigo, zai sake ka. Masu Termux, manhajar terminal ta wayar Android, ku ma duk wannan ya shafe ku, maɓallin rage sauti shi ne Ctrl ɗinku, kuma in kun ga ba kwa iya ganin fayilolin wayar ku buga `termux-setup-storage` ku ba shi izini.