Yadda ake zaɓar wa mai lalurar gani salula

Kuskuren da na fi gani a Kasuwar Dole ta Damagaram shi ne a bar mai wayar a gida, a je a zaɓo masa mai kyan kamara. Kada ka yi haka. Ka tafi da shi shago.

Da fari ka tambaye shi me zai yi da ita. In kira ne kawai da jin rediyo, mai madannai ta ishe shi. Ya laluba lamba 5, akwai ɗan tudu a kanta, daga nan ake gane sauran lambobin. In bai ji tudun ba, ko madannan sun manne da juna, a ajiye ta. Amma in yana son saƙon murya na WhatsApp, ni dai ta shafawa nake cewa a saya, domin ƙananan nan yawancinsu ba sa karanta abin da ke kan allo.

A nan mutane suke faɗuwa. Kafin a ba da kuɗi, a shiga Paramètres, wato saitin wayar, sannan Accessibilité, a kunna TalkBack, muryar da ke karanta abin da ke kan allo. A iPhone VoiceOver ake ce masa, sai dai kuɗinta ba na kowa ba ne. Da an kunna TalkBack, wayar takan sauya hali: taɓawa ɗaya ta faɗi sunan abu, sai an buga sau biyu da sauri ta buɗe shi, jan shafi kuma da yatsa biyu. Na ga mai shago ya rikice, yana ta danna wuri ɗaya yana cewa "Alhaji, ta lalace," wayar kuwa lafiyarta lau. Kawuna ma haka ya yi kwana uku, bugunsa na biyu yana makara, har ya ce a mayar masa da tsohuwarsa. Ka riƙe yatsan mai wayar ku buga tare. In muryar tana jinkiri bayan an taɓa, wayar ba ta da ƙarfi. Gara a ƙara 'yan jikkoki a ɗauki mai RAM giga 4.

Ka saita gajerar hanya: riƙe madannan ƙara biyu daƙiƙa 3 yana kunna TalkBack ya kashe. Yara za su ari wayar, dole ya iya mayar da muryar da kansa.

Saura ƙananan abubuwa. A gwada lasifikar cikin hayaniyar kasuwa, a rage saurin muryar Faransancin, a duba batir, a haɗa da abin kunne da riga mai kauri.