Kurakuran da masu sabon kiwon tumakin Shetland da karen kiwo suka fi yi

Wanda ya tashi yana ganin Balami da Uda da 'Yankasa, ranar da ya fara ganin tunkiyar Shetland dariya zai yi, don 'yar ƙarama ce, babban ragonsu da kyar yake wuce kilo 55, macen kuma ƙasa da haka sosai. Asalinsu tsibiran Shetland ne can saman Sikotland, wajen da iska da sanyi ba sa ɗaga ƙafa, itatuwa ma ba su cika tsayawa ba, ciyawa 'yar kaɗan. A nan suka yi ɗaruruwan shekaru suna neman na kansu, har bakin teku suke sauka su ci ciyawar ruwa idan hunturu ya matsa. Yanzu kuma masu 'yar gona ta sha'awa a Ingila da Amurka da Kanada sun rungume su, har da 'yan uwanmu mazauna can da suka samu ɗan fili a bayan gari. To yawancin matsalar da ake samu daga mai kiwon take fitowa, saboda ya ɗauko dabba mai jure wahala ya mayar da ita 'yar lele.

Na farko dai shi ne ciyarwa. Mu mun saba da kiwon turke, a cika wa rago dusa da harawa da ƙowa har ya kasa tashi, to wannan tsarin idan ka kai shi kan Shetland ɓarna za ka yi. Ciyawar fili da busasshiyar ciyawa mai kyau lokacin sanyi sun ishe ta, hatsi sai dai ɗan kaɗan ga mai ciki a makonnin ƙarshe ko mai shayar da tagwaye. Idan ta yi ƙiba da yawa ɗaukar ciki yana wuya, haihuwa ma ta zo da gardama. Kuma ido ba ya gaya maka gaskiya saboda gashin ya rufe komai, sai ka sa hannu a gadon bayanta ka lallatsa, idan ƙashin bayan yana sukar hannunka ta rame, idan ka neme shi ka rasa gaba ɗaya to rage abinci. Wani abin da ke kashe su a ɓoye shi ne ba su abincin shanu ko gishirin lasa na shanu da awaki, wai ai duk dabba ce. Akwai sinadarin jan ƙarfe a ciki da yawa, hantar tunkiya tara shi take yi a hankali wata da watanni ba ka ga alama ba, rana ɗaya sai ka ga ido ya yi rawaya fitsari ya yi ja baƙi-baƙi, kafin likita ya iso ta tafi. Ka karanta jikin buhu, in ba a rubuta na tumaki ba ne ka ajiye shi.

Sai maganar gashi, wanda shi ne ma dalilin da ya sa aka san su a duniya. Tumakinmu na gida ba a yi musu aski, shi ya sa mutum yake mantawa cewa waɗannan dole sau ɗaya a shekara a cire musu. Launinsu na asali 11 ne, fari da baƙi da toka-toka da ruwan ƙasa iri-iri, kuma laushin ulun ya kai matan tsibirin suna saƙa mayafi da za a iya zare shi ta cikin zobe. Wasu daga cikinsu da kansu suke sakin gashin idan bazararsu ta shigo, mutanen can da hannu suke tsige shi a hankali ba almakashi, amma fa sai ya saki, in ka ja ka ji yana riƙe ka bari, ciwo kake ji mata. Kuskuren shi ne a bar shi har zafi ya shigo, kashi ya manne a gindin wutsiya, ƙuda ya zo ya yi ƙwai, cikin kwana biyu tsutsa ta fara cin naman dabba da ranta. Duk tunkiyar da ka ga ta ware gefe tana karkaɗa wutsiya tana juyowa tana cizon bayanta, kama ta yanzu-yanzu ka buɗe gashin ka duba. Kuma kada ka riƙa watsa musu busasshiyar ciyawa ta saman kai, duk ɓurɓushin cikin ulun yake shiga, masu saƙa ba za su saya ba. Wutsiyarsu kuma gajera ce tun daga halitta, ba a yanke ta.

Ragon ma akwai magana. Ɗan rago na Shetland akwai shiga rai, sai yara su mayar da shi abokin wasa, ana shafa masa goshi ana tura kansa, to idan ya girma ƙahon nan ya murɗe ba ya ganinka a matsayin maigida, abokin tunkuyi yake ɗaukarka, kuma ƙanƙantarsa ba ta hana shi karya wa mutum gwiwa. A shafa shi a ƙasan haɓa in ma za a shafa, kuma ka riƙa duba ƙahon kada ya lanƙwaso ya shiga kunci. Barbararsu tana da lokaci, wajen Oktoba zuwa Disamba idan rana ta fara gajarta, cikin kuma kusan wata 5 ne, don haka ka lissafa yadda haihuwa za ta faɗo lokacin da sabuwar ciyawa ta fito.

Maganin tsutsar ciki kuwa, a daina ɗura shi duk wata saboda tsoro, haka ake yi tsutsar ta saba har magani ya daina aiki. A kai kashinsu a gwada a ga ko akwai buƙata. Sabuwar dabba kuma a ware ta mako 3 zuwa 4 kafin ta shiga garke.

Yanzu kare, inda aka fi asarar kuɗi. Mutum yana da tumaki biyar a fili kadada ɗaya sai ya je ya sayo Border Collie. Karen nan an yi shi ne don ya tattaro ɗaruruwan tumaki daga kan tsaunukan iyakar Sikotland da Ingila, tun a 1873 an yi gasar karnukan kiwo a garin Bala na yankin Wales, aiki ne a jininsa. In ba ka ba shi aiki ba zai nemo wa kansa, ya bi mota, ya tattara yara, ko ya wuni yana zagaya 'yan tumakin nan yana zuba musu ido har su kasa kiwo. A ganina in garkenka bai wuce goma ba bokiti ya fi maka kare, ka zuba ɗan hatsi ka riƙa kaɗa shi kullum a lokaci ɗaya, ba a jima ba za su riƙa binka har cikin garka. Wasu kuma sunan ne yake ruɗarsu, su sayi ɗan karen nan mai suna Shetland Sheepdog suna zaton an haɗa su ne kamar tuwo da miya, alhali na yanzu yawanci karen gida ne da na baje koli, haushi ya fi yawa.

In kuma lallai kana buƙatar karen, kada ka haɗa ɗanyen kare da ɗanyun tumaki da ɗanyen makiyayi. Shetland ba sa dunƙulewa wuri ɗaya kamar sauran tumaki, idan aka matsa musu watsewa suke kowa ta kama gabanta, wata ma ta tsallake shinge, wannan kuwa shi ke sa ƙaramin kare ya ruɗe ya fara cizo. Gara ka sayi wanda aka riga aka horar ko da tsada, ko ka kai naka wajen mai horo ya fara da tumakin da suka saba da kare. Kwikwiyo ɗan wata huɗu ba shi da abin yi a cikin garke, a bari ya kusa shekara, kuma sai ya iya tsayawa cak da dawowa idan an kira shi kafin komai. Horon minti 10 zuwa 15 ya isa a rana. Kada a sake shi kan masu tsohon ciki, gudu kaɗai yana sa su ɓari. Sannan karen kora daban, karen gadi daban. Idan damuwarka namun daji ne irin koyote na Amurka, wani dangin dila, to irin su Maremma ko Great Pyrenees ake nema, masu kwana cikin garke, Collie ba aikinsa ba ne.

Abu biyu na lafiya da ke tsakanin karen da tumakin. Maganin ivermectin da ake ɗura wa tumaki, wasu karnukan dangin Collie jikinsu ba ya ɗaukarsa saboda wata matsala ta gado, lasar wanda ya zube a ƙasa ma tana iya sa kare rawar jiki da makanta, don haka ranar ɗuri a kulle shi. Shi ma karen a riƙa ba shi maganin tsutsa a kan kari kuma kada ya ci mushe, don akwai tsutsar da ke fita daga kashinsa ta shiga ƙwaƙwalwar tunkiya ka ga tana ta juyi wuri ɗaya.

Ga wanda ke Birtaniya, takardu ba wasa ba ne ko da tunkiya biyu gare ka. Sai ka yi rajistar filin an ba ka lamba, kowace dabba da alamarta a kunne, duk shiga da fita a sanar da hukuma, kuma idan sabuwa ta shigo akwai kwanakin da ba a fitar da kowace dabba daga filin, 6 a Ingila, 13 a Sikotland. Masu niyyar layya kuma su sani yankan addini a can sai a mayankar da gwamnati ta amince da ita, ba a bayan gida ba, don haka tun kafin watan ya kama ka nemi mayankar halal ka kama layi.