Yadda za ka karanta Nehemiya sura 11 ba ka tsallake sunayen ƙauyuka ba

Mu faɗi gaskiya, yawancinmu in mun iso Nehemiya 11 daga aya 25 zuwa 36 sai mu wuce da gudu, wai sunaye ne kawai masu karya harshe. To ɗan'uwa dakata, ga yadda nake yi in zan jagoranci nazari a kai.

Fara da tarihin a taƙaice, kar ka cinye lokaci. Sojojin Nebukadnezzar sun rushe Urushalima suka kwashe mutane zuwa Babila, sai Sairus sarkin Farisa ya ba da izinin komawa wajen shekara ta 538 kafin haihuwar Almasihu. Ezra 2 ya ce taron da ya dawo mutum 42,360 ne. Daga baya, a zamanin Nehemiya, da aka gama sake gina garun Urushalima cikin kwana 52 aka jefa ƙuri'a, mutum ɗaya cikin goma ya zauna a Urushalima, sauran tara kuwa kowa ya kama hanyar garinsu.

Daga nan ɗauki biro ka zaɓi suna uku ko huɗu, ka bi kowanne baya ka ga me ya taɓa faruwa a wurin. Ziklag ai garin da Amalekawa suka ƙone ne zamanin Dawuda. Adullam nan ne kogon da ya ɓuya. Nob kuma garin firistocin da Saul ya sa aka kashe.

Amma ni inda nake daɗewa shi ne Anatot, aya 32. Buɗe Irmiya 32 a gefe. Babilawa sun kewaye birnin Urushalima, Irmiya kansa yana tsare, sai ga Hanamel ɗan baffansa wai ya zo sayar masa da gona a Anatot, kuma annabin ya saya da shekel 17 na azurfa aka sa hannu gaban shaidu aka ajiye takardar cikin tukunyar ƙasa don ta daɗe, wa zai sayi gona a irin wannan lokaci in ba Allah ne ya ce za a sake sayen gidaje da gonaki a ƙasar ba? Yanzu koma Ezra 2:23, mutanen Anatot da suka dawo 128 ne. Ba yawa, amma an ƙirga su, alkawarin ya sauka a kan ƙauye guda mai suna.

In akwai wanda rikici ya raba da ƙauyensu a cikin masu nazarin, kar ka yi saurin ɗora masa wa'azi, bar shi ya fara magana tukuna.