Yadda za ka shirya fayil kafin ka kai shi maɗaba'a

Yawancin rigimar da ake yi tsakanin mai zane da mai injin bugu a Sabon Gari ko Samaru daga fayil take farawa. Allon kwamfuta da haske yake haɗa launi, wato ja da kore da shuɗi, tsarin da ake kira RGB. Inji kuwa da tawada huɗu yake aiki, CMYK: shuɗi mai haske, ja mai ruwan hoda, rawaya da baƙi. Akwai launukan da haske ke iya bayarwa amma tawada ba za ta taɓa kai su ba, musamman kore mai walƙiya da shuɗi mai ƙarfi.

Saboda haka tun lokacin buɗe sabon shafi a CorelDRAW ko Photoshop ka zaɓi CMYK. Idan aikin ya riga ya yi nisa a RGB, ka juya shi da hannunka, ka ga yadda ya dusashe, ka gyara. Kada ka bar wa inji wannan hukunci. Shuɗi ne ya fi cin amana: wanda allo ke nunawa garau yakan fito shunayya a takarda, domin yawan M (ja mai ruwan hoda) ya yi kusa da na C (shuɗi mai haske). Ka bar tazarar kamar maki 30 tsakaninsu, misali C100 M70 Y0 K0.

Baƙi iri biyu ne. Ƙananan rubutu, kamar sunayen iyalai a katin ɗaurin aure, ka sa musu K100 kaɗai, wato baƙar tawada zalla. In ka bari baƙin ya haɗu daga tawada huɗu, da zarar faranti ɗaya (fallen da ke ɗaukar tawadar kowane launi a inji) ya ɗan goce, kowane harafi zai fito da inuwar ja ko shuɗi a gefensa. Faffaɗan fili kuwa, kamar bangon fosta, K100 yakan yi toka-toka. A nan ake amfani da C60 M40 Y40 K100. Jimillar ta zama 240, kuma wannan ya isa. Idan ta haura 300, tawada ba ta bushewa da wuri, sai ta shafi bayan takardar da ke kanta.

Sai batun hoto. Abin da za a riƙe a hannu, kati ko kalanda ko bangon littafi, yana bukatar dpi 300, wato fiksel (ɗigon hoto) 300 a kowane inci, a ainihin girman da zai fito. Lissafin mai sauƙi ne: raba yawan fiksel da 300, ka sami inci. Hoto mai faɗin fiksel 1200 zai ba ka inci 4, kusan santimita 10, ba ƙari. Cikakken shafin A4 yana son 2480 da 3508. Rubuta 300 a akwatin dpi na ƙaramin hoto ba ya ƙara masa komai, kwamfuta dai za ta ƙirƙiro abin da babu, fuskar ango ta fito kamar an shafa mata man shanu. Babbar bana da za a gani daga tsallaken titi ba ta bukatar haka. Dpi 100 zuwa 150 ya wadatar.

Da yawa daga cikin hotunan da ke fashewa ta WhatsApp suka zo, domin yana matse su. Ka ce wa mai aikin ya turo a matsayin fayil, ko ya kawo a filas.

Wuƙar yankan takarda ba ta sauka daidai a kowane lokaci. Ka shimfiɗa launin bango ya zarce layin yanka da milimita 3 ta kowane gefe, wato A4 mai 210 da 297 ya koma 216 da 303. Rubutu kuma ya ja baya daga baki da aƙalla milimita 5.

Akwai matsalar da ta fi shafar mu masu rubuta Hausa. Ba kowane salon rubutu ne ke da ƙ da ɗ da ɓ ba. Idan kwamfutar maɗaba'a ba ta da salon da ka yi amfani da shi, za ta musanya, sai ka ga ɗan akwati a inda ƙ take, ko harafin ya fita daban da 'yan'uwansa. Larabci da ajami sun fi haɗari, don haruffa sukan rarrabu ko su juya baya, abin da ba a so ko kaɗan a katin saukar Alƙur'ani. Maganinsa shi ne mayar da rubutu zane: Ctrl+Q a CorelDRAW, Ctrl+Shift+O a Illustrator. Amma ka adana kwafin da ba a mayar ba, domin bayan haka ba a iya gyara ko da wasali ɗaya.

Ka fitar da aikin a PDF, in da hali PDF/X-1a, ka buɗe shi ka zuƙo zuwa kashi 300 ka bi shi lungu-lungu. Sannan ka nemi a buga maka kwafi ɗaya a kan irin takardar da za a yi aikin da ita, domin takarda mai sheƙi da marar sheƙi ba sa shan tawada iri ɗaya. Ka duba shi a hasken rana, mai aikin ya karanta suna da kwanan wata da lambar waya, ya sa hannu, kafin a ƙona faranti.